Man Nardi: Turaren Da Ƙamshinsa Ya Jawo Masa Bala'i

Cikin turarukan da mutanen dā suka san darajarsu, kaɗan ne suka kai nardi suna da tsada. Larabawa suna kiransa sumbulul Hindi, mutanen Indiya da na Nefal kuwa suna ce da shi jatamansi. A zamanin nan ya sake samun kasuwa, domin masu jiyya da ƙamshi a Turai da Amurka sun ɗauki mansa a kan maganin rashin barci da damuwa. To, amma wannan farin jini ya zame wa tsiron masifa, har ana tsoron kada ya ƙare ƙaf. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin tun daga tushe kafin ya zuba kuɗinsa.

Inda yake fitowa

Nardi ɗan ƙaramin tsiro ne, tsawonsa bai cika wuce kamu ɗaya ba. Ba ya fita sai a bisa duwatsun Himalaya, watau a Nefal da Butan da arewacin Indiya da yammacin ƙasar Sin, a wuraren da tudunsu ya kai mita 3,000 zuwa 5,000, inda ƙanƙara take rufe ƙasa watanni da dama. Ƙamshinsa a saiwa yake, kamar dai yadda muka san kajiji da jema. Saiwar tana lulluɓe da zare-zare kamar gashin da ya cukurkuɗe, daga nan ne ma ya samo sunansa na jatamansi.

Mutanen ƙauyukan duwatsu, musamman a gundumomin Humla da Jumla da Dolpa na Nefal, su ne suke hawa su haƙo shi da kaka, kafin ƙanƙara ta sauko. In an shanya saiwar ta bushe, sai a daddaka ta, a zuba a tukunyar ƙarfe, a tura mata tururi. Tururin ya kwashi man ya bi ta bututu mai sanyi, ya koma ruwa, man kuwa ya ware a kwalfe shi. Kilo 100 na busasshiyar saiwa ba ya ba da fiye da kilo 1 ko 2 na mai. Man yana da kauri, ƙamshinsa mai nauyi ne, ya yi kama da na ƙasa in ta sha ruwan fari.

Tsohon suna

Tun wajen shekara 2,000 da suka wuce fatake suke ɗaukar nardi daga tashoshin jiragen ruwa na yammacin Indiya, su bi ta Bahar Maliya zuwa Masar da Rum. Wani malamin Rumawa mai suna Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa ana sayar da laba ɗaya ta Rumawa a kan dinari 100. Littafin Yohanna kuma ya ba da labarin Maryamu ta Betanya, wadda ta shafa man nardi a ƙafafun Annabi Isa, aka ƙiyasta kuɗinsa dinari 300. A lokacin nan dinari guda shi ne ladan yinin lebura, ashe ke nan kwalba ɗaya ta kusa cinye guminsa na shekara. Daga baya malaman ɗibbu na Musulmi, irin su Ibnu Sina, sun sa sumbul cikin magungunansu, likitocin gargajiya na Indiya kuwa tun tuni suke ba da shi don kwantar da hankali.

Jiyya da ƙamshi

Abin da Turawa suke kira aromaterafi, watau jiyya da ƙamshi, wani masanin haɗa turare ne Bafaranshe mai suna Gatafose ya raɗa masa suna, ya kuma wallafa littafi a kansa a 1937. Hujjar masu wannan hanya ita ce, jijiyoyin hanci suna kai saƙo kai tsaye zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da tunani da jin daɗi da fargaba. Shi ya sa ƙamshi guda yakan tuna wa mutum ɗakin kakarsa, ko ya sanyaya masa zuciya nan take.

Game da nardi kuwa, a 2008 waɗansu masana a Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan sun shaƙa wa ɓeraye tururinsa, suka ga sun natsu, sun rage kai da kawo. Lalle wannan ya ƙarfafa maganar mutanen dā. Amma fa ɓera ba mutum ba ne, gwaji a kan mutane kuwa bai taka kara ya karya ba. Don haka wanda ya ce man nardi yana warkar da hawan jini ko farfaɗiya ko taɓin hankali, ya faɗi abin da ba a tabbatar ba. Iyakar abin da za a ce shi ne, mai yiwuwa ƙamshinsa ya taimaki wanda gajiya ko tunani ya hana shi runtsawa.

Yadda ake amfani da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce shaƙa. A ɗiga ɗigo 2 ko 3 cikin kwanon ruwan zafi, ko cikin 'yar na'urar nan mai watsa ƙamshi, a bar shi kamar rabin sa'a kafin a kwanta, da taga a ɗan buɗe. In kuwa shafawa za a yi, kada a kuskura a sa shi tsantsa a jiki. Sai a gauraya ɗigo 2 cikin ƙaramin cokali ɗaya na man zaitun ko man kwakwa ko man riɗi. A fara gwadawa a cikin hannu, a jira kwana ɗaya, in ba ƙaiƙayi ba ƙuraje, sa'an nan a murza a wuya da kafaɗu da tafin ƙafa.

Ba a shan man nardi, ba a kuma kai shi kusa da ido. Mata masu juna biyu da masu goyo da jarirai su nisance shi, haka kuma masu ciwon asma da masu shan ƙwayoyin barci su nemi shawarar likita tukuna. A ajiye shi cikin kwalba mai duhu, nesa da rana, nesa da yara.

Inda gizo ke saƙar

Mai tsinkar fure yakan bar itace da rai, mai haƙar saiwa kuwa ya kashe tsiron ke nan. Nardi yana ɗaukar shekaru kafin ya yi saiwar kirki, kasuwa kuwa ba ta jira. Tun a 1995 Nefal ta kafa dokar hana fitar da ɗanyar saiwar sai an tace ta. A 1997 aka sa nardi cikin jerin tsirran da yarjejeniyar duniya ta CITES take sa wa ido, watau ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardar izini. Duk da haka, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a sahun waɗanda suke gab da ƙarewa.

Hana haƙa baki ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, domin dubban magidanta a waɗannan duwatsu da kuɗin jatamansi suke sayen shinkafa da gishiri. Dabarar da ƙungiyoyin ƙauyuka masu kula da daji suke bi a Nefal ita ce raba wuraren haƙa, a ci wannan bana a bar shi ya huta, a jira tsiro ya zubar da iri, a kuma bar wani sashen saiwar a ƙasa.

Ƙarancin abu kuwa shi ke kawo algus. Akan gauraya man nardi da na waɗansu saiwoyi masu araha, ko a sirka shi da wani mai. Mai saye ya duba ko an rubuta cikakken sunan tsiron a jikin kwalba, watau Nardostachys jatamansi, da ƙasar da aka tace shi. In ya ga farashi ya faɗi ƙasa warwas, to, ya tuna araha ba ta ado. Wanda kuma barci kawai yake nema, man lafanda, wanda ake nomawa a gonaki a Faransa da Bulgeriya, ya fi samun shaidar likitoci, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Wanda ya ce lalle sai nardi, ya sayi kaɗan daga hannun amintacce, ya riƙa ɗigawa da tattali, don jikokin masu haƙarsa su ma su tarar da abin haƙa.