ALI NUHU: YADDA ƊALIBIN JAMI'AR JOS YA ZAMA TAURARON RAWA DA WAƘA

Ran 12 ga watan Janairu na shekarar 2024 ne Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa ta naɗa Malam Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take a Jos, babban birnin Jihar Filato. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal sun ji labarin, suka ce ai Sarki ne aka ƙara wa sarauta. Amma yaranmu da aka haifa a Agege ko Idi-Araba bayan shekarar 2000, su sun buɗe ido ne suka tarar da shi babban mutum, yana fitowa a matsayin maigida ko alhaji mai kuɗi. Ba su san cewa an yi zamanin da shi ne siririn saurayin nan da ke juyi a gaban budurwa, ana kiɗa yana motsa baki ba. To, saboda su, da kuma iyayensu da suka ga abin da idonsu, ya kamata mu koma baya mu ga inda aka faro.

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri ran 15 ga watan Maris, 1974. Mahaifinsa, Nuhu Poloma, mutumin Balanga ne cikin Jihar Gombe ta yanzu, mahaifiyarsa kuwa, Fatima Karderam Digema, mutuniyar Bama ce a ƙasar Borno. Ya tashi tsakanin Jos da Kano, sa'an nan da ya gama sakandare sai ya shiga Jami'ar Jos ya karanta ilmin labarin ƙasa. Mutanenmu na Sabo a Badun suna da ɗan rabo a cikin tarihin nan ta fuska biyu. Ita Jami'ar Jos ɗin a matsayin reshen Jami'ar Badun aka buɗe ta a 1971, kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975. Shi kuma Ali, da ya karɓi digirinsa, a Badun ɗin ya yi aikin bautar ƙasa.

JOS, GARIN MAJIGI

Wanda ya san Jos ya san cewa ba a rasa abin kallo a cikinta ba tun zamanin Turawan kuza. Haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo da Kwarori a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya tun 1914, kuma inda duk lebura ya karɓi kuɗin mako, to, mai gidan silima ba ya nisa. Haka gidaje irin su Rex da Kwararafa suka yi suna. Tun wajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya ƙasar nan, mutanen Arewa suka karɓe su hannu bibbiyu, har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye na Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Dalilin wannan ƙauna ba ɓoyayye ba ne. Auren dole, da kishiya, da ɗan mai kuɗi da ya so 'yar talaka, da kunyar mace a gaban surukai, duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani a gidansu, ko da bai ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba.

Ban da silima, Gwamnati ma ta zaɓi Jos. An kafa Hukumar Fina-finai da doka a 1979, aka zaunar da ita can, saboda garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, da sanyi, da duwatsu, da sarari mai kyaun hoto. Gidan telebijin na NTA Jos shi ya yi wasan nan Cock Crow at Dawn wanda aka fara nunawa a 1980, ƙasa duka ta kalla. A 1992 Hukumar ta fitar da Kulɓa Na Ɓarna, wanda Brendan Shehu ya shirya daga littafin Umaru Ɗanjuma Katsina. Amma irin wannan fim na majigi, wanda ake ɗauka a kan faifan silima a wanke shi a ɗakin wanki, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, balle bayan da darajar Naira ta faɗi daga 1986. Saboda haka injuna suna Jos, ma'aikata suna Jos, amma fim sai a shekara da shekaru ba a ga sabo ba.

Can Kano kuwa wasu samari ba su jira Gwamnati ba. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta ɗauki Turmin Danya da kyamarar bidiyo irin wadda ake ɗaukar biki da ita, aka zuba a kaset aka kai kasuwa. Wasu suka bi sahu, marubutan littattafan soyayya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da littattafansu fim. Yadda cinikin yake kuwa abin mamaki ne: mai fim zai buga kwalin kaset mai hoton 'yan wasa, ya kai wa dillalai a Ƙofar Wambai ko Bata tare da uwar kaset, su sayi kwalayen, su kuma su yi ta gurza fim ɗin a kan kaset ɗinsu. Watau ribar mai fim tana ga yawan kwalin da ya sayar. Ashe ke nan fuskar da ke kan kwali ita ce jari. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin Ali Nuhu.

SANGAYA

A wannan kasuwa ce mai digirin labarin ƙasa ya faɗo. A lokacin kuwa ba abin alfahari ba ne ɗan jami'a ya shiga wasan kwaikwayo. Iyaye suna ganin wanda ya sha wahalar boko har ya yi bautar ƙasa, ofis ya kamata ya nema ko banki, ko aƙalla ya koyar. Fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin na farkonsa shi ne Abin Sirri Ne, na shekarar 1999. Ba shi ne ya ɗaga shi ba. Abin da ya ɗaga shi yana tafe a cikin wannan shekara ɗin, daga kamfanin Sarauniya na Kano, ƙarƙashin darekta Aminu Muhammad Sabo.

Labarin Sangaya ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Maina ɗan sarki ne, Zubaina kuma 'yar aiki ce a gidan sarautar, ga kuma Kilishi wadda ita ce daidai da shi a asali. Ali Nuhu ya fito a Maina, Fati Muhammad ta fito a Zubaina, marigayiya Hauwa Ali Dodo ta fito a Kilishi. Ko a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi an saba jin ɗan sarki ya so 'yar bora, saboda haka ba labarin ne ya ruɗa mutane ba. Waƙar ce.

Kafin wannan lokaci masu fim sukan gayyato makaɗa, ko su ari kiɗan wani fim su liƙa. Amma a ƙarshen shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar murya na Kano suka sami fiyano na Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da amo mai kama da sarewa da ganga da kalangu, ba tare da ya tara makaɗa goma ba. Sai a rera waƙa a ɗaki, namiji ya yi baiti mace ta amsa, sa'an nan a kai 'yan wasa wurin ɗauka a kunna musu, su yi ta motsa baki suna taka rawa, daidai yadda Indiyawa suke yi. Da wannan dabara aka yi waƙar Sangaya. Aka sa guntunta a matsayin talla, ta shiga gidaje da shagunan masu kaset tun kafin mutane su ga fim ɗin. Ranar da ya fito, kasuwa ta riga ta nuna.

Wanda ya zauna a Kudu a wancan lokaci zai tuna yadda kaset ɗin yake isowa. Direban babbar motar da ya kawo shanu ko albasa ko tumatir Mile 12 shi ne ɗan aike, kafin mako ya zagayo kuwa an gurza an ƙara gurzawa har hoton ya fara rawa da kansa. Matan aure a cikin gidajen haya su tara maƙwabta, samari masu gadi da 'yan acaɓa da masu yankan farce su cika gidan kallo da dare. Ga mutumin da ya shekara biyu bai je gida ba, ganin zaure da rawani da jin Hausar Kano a cikin akwatin telebijin a tsakiyar Ikko ba ƙaramin abu ba ne. Ina ganin masu rubuta tarihin fim ɗin Hausa ba su ba 'yan ci-rani haƙƙinsu ba, gama su ne suka kai kaset ɗin nan har Kwatano da Akara da Kumasi.

Me ya sa Ali ya yi fice, alhali ba shi ya rera waƙar ba? A ganina, ya fahimci abin da sauran 'yan wasan zamaninsa ba su fahimta ba. Yawancinsu daga dandamali da wasan telebijin suka fito, inda ake ɗaga murya ana wurga hannu. Shi kuwa ya ƙoshi da kallon Indiya, ya san cewa a wurin waƙa ido da kafaɗa da ɗan murmushi su ke aiki, kuma ya san inda kyamara take. Ga shi da ƙuruciya, shekararsa 25 kacal. Dillalai suka lura cewa kwalin da ke ɗauke da fuskarsa ba ya kwantai. Daga nan sai kowane mai fim ya ce shi yake so, waƙa kuma ta zama tilas, har ya kai ga wani ma waƙar yake fara saya kafin ya nemi labarin da zai rataya mata.

ZARGI DA TAKUNKUMI

Bai tsaya ga wasa kaɗai ba. Ya kafa kamfaninsa, FKD, watau haruffan farko na sunan mahaifiyarsa, ya shiga shirya fim da kansa. Mujadala, na shekarar 2000, ya yi kasuwa ƙwarai, kuma a nan ne zargi ya tsananta, domin masu kallon Indiya sun gane cewa an ɗauko ginshiƙin labarin daga Dillagi na 1999. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun bi diddigin fina-finan Hausa da dama da aka yi musu irin wannan wanki. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, ta sha ɗaukar wasiƙun masu karatu a kan haka, wasu suna yabo, wasu suna cewa ana rusa al'ada. Malamai kuma suka ce namiji da mace su tsaya suna rawa a gaban duniya ba tarbiyyar Musulunci ba ce. Bayan da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000, Gwamnatin Jihar ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sa'an nan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001.

Gaskiya ɗaya ce, masu zargin ba su yi ƙarya ba a kan wankin labari, kuma an yi fina-finai da yawa a lokacin waɗanda in ka cire waƙoƙin babu abin da ya saura. Amma waɗanda suka ce rawa da waƙa baƙin abu ne ga Bahaushe sun manta da dandali, da gaɗa, da kalangun 'yan mata ranar kasuwa. Abin da ya zo sabo shi ne haɗa saurayi da budurwa a fili ɗaya, da kuma fiyano. Har wa yau, waɗansu masu fim sun gwada yin nasu ba waƙa don su faranta wa dattawa, kasuwa ta juya musu baya. Mai saye da kuɗinsa shi ya yanke hukunci, kuma yawancin masu sayen mata ne da ke cikin gida.

A waɗannan shekaru babu wanda aka fi ganinsa tare da Ali kamar Ahmad S. Nuhu, har mutane da yawa suka ɗauka wa da ƙane ne saboda sunan uba, alhali zumuncin sana'a ne ya haɗa su. Ahmad ya rasu a haɗarin mota kusa da Azare ran 1 ga watan Janairu, 2007. Allah Ya jiƙansa.

Ita wannan shekara ta 2007 ita ce kuma ta buɗe wa Ali ƙofar Kudu sosai. Ya fito a Sitanda, fim na Turanci wanda Izu Ojukwu ya shirya, shi ma kuwa tashin Jos ne, aka ba Ali lambar ɗan wasa mai tasowa a bikin AMAA. Abin dariya, mutumin da ya shekara takwas yana sarauta a Arewa, sai ga shi ana kiransa mai tasowa a Kudu. Daga nan ne maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo suka san fuskar da muka daɗe da sani.

Yanzu ga wata magana da ta shafi kujerar da aka ba shi a 2024. A ƙarƙashin wannan Hukuma akwai makarantar koyon aikin fim, akwai kuma ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa, duka a Jos. Mun ga abin da ya sami Shehu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani ɗakin ajiya, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a Berlin a 2018. Wannan kuwa faifan silima ne. Kaset ɗin bidiyo ya fi shi saurin lalacewa, zafi da ƙura da damina suna cinye shi, injin kunna shi ma ya zama sai an tona. Abin da ake gani na Sangaya da Mujadala da Wasila a wayar hannu yau, kwafe ne na kwafe, hoto ya dushe, murya tana shaƙewa. Uwayen kaset ɗin, in suna nan, suna hannun masu kamfanoni da magadansu da tsofaffin dillalan Ƙofar Wambai. Ali Nuhu ya san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, ya san gidajensu, kuma shi aka damƙa wa mabuɗin ma'ajiyar. Muna roƙonsa ya aika a tattaro su a kai Jos tun ana iya kunna su.