Masu Kwana a Barandar Shago

Da an rufe shaguna a Kano, wajen ƙarfe goma sha ɗayan dare, sai wasu mutanen su karɓi gari. A barandun da ke kewaye da kasuwar Sabon Gari, da tashar Unguwa Uku, da ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa, za ka ga an shimfiɗa kwali, an lulluɓa da buhu, an yi matashi da takalmi. Ba don laushi ake ɗora kai a kan takalmin ba. Wanda ya ajiye nasa a gefe, da asuba sai ya taka ƙasa.

Mu masu wucewa a mota kuɗin goro muke yi musu: mabarata ne, 'yan shaye-shaye ne, masu taɓin hankali ne. Akwai irin waɗannan, ba a musu. Amma da yawansu da sana'arsu. Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhu a kasuwar Singa ko ta Dawanau, da ɗan ga-ruwa, da mai yankan farce, da baban bola. Wani ɗan ci-rani ne daga ƙauyukan Jigawa ko Damagaram, ya yi lissafi ya ga kuɗin hayar ɗaki zai cinye abin da zai aika gida, sai ya zaɓi kwali. Wani almajiri ne da ya girma, malaminsa ya rasu, makaranta ta watse. Wani kuwa shekaranjiya yana da gida da gona da rumbu. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan biyu da muhallinsu, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina, kuma a Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Ba kowa ne sansanin 'yan gudun hijira ya ɗauka ba.

In ana maganar buƙatun masu kwana a baranda, abin da ya fi saurin zuwa mana a rai shi ne abinci, kuma shi ne ya fi sauƙin samuwa. A garin da ake rabon ƙosai ranar Juma'a da kunu a azumi, mutum yakan samu abin da zai sa a ciki ko da bai ƙoshi ba. Zauna da ɗayansu ka tambaye shi me ya fi damunsa, sau da yawa barci zai ce maka. Ba ya kwanciya sai mai shago ya tafi, kuma dole ya naɗe kwalinsa kafin a buɗe. Tsakanin nan akwai sauro, akwai maigadi mai kora, akwai ɓarawo mai lalube aljihu, akwai sintiri. Da damina, in ruwa ya sauko da iska, a tsaye ake kwana, an jingina da bango. Da hunturu kuwa sanyin Disamba da Janairu ta ƙasan siminti yake shigowa. Mutumin da ya shekara yana barcin awa uku, in ka gan shi da rana yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kada ka yi saurin cewa ƙwaya ya sha.

Sai ruwa. Wanka da ban-ɗaki, da mai gida ba ya ko lissafa su, shi sai ya biya a gidan wanka, kowane zuwa da kuɗinsa. Ranar da aiki bai samu ba, wanka ne farkon abin da ake haƙura da shi, mu kuma mu toshe hanci. Ga mata abin ya fi muni nesa ba kusa ba: mai jego ko mai al'ada a bakin titi, ga kuma mazan da ke zagayowa cikin dare da tayin da kowa ya san ma'anarsa.

Sannan ajiya. Ba shi da inda zai sa kayansa ya kulle, shi ya sa kuɗinsa kan kwana a hannun mai shayi ko mai tireda, ba takarda ba shaida, amana kawai. A nan ne, a ganina, babban raminsa yake: ba shi da wanda zai tsaya masa. Ya nemi aikin gadi, a ce ya kawo wanda ya san shi. Ya je buɗe asusun banki, a ce ina adireshinsa. A yi sata a layi, shi za a fara nunawa, kuma babu mai fitowa ya ce, "A'a, wannan na san shi, ɗan dako ne."

A da wannan gurbin zaure ne ke cike shi. Baƙo ya shigo gari, a kai shi wurin mai unguwa ko zauren wani attajiri, ya kwana, a fito masa da tuwo, a tambaye shi daga ina kuma ɗan wane ne. Fatake na da masu masaukinsu a zango. Yanzu gini ya koma katanga da get, zauren ya zama shagon haya. Masallatai ma kulle su ake yi bayan Isha, saboda ɓarayin batir da amsa-kuwwa, da kuma fargabar da ta biyo bayan harin babban masallacin Kano a Nuwamban 2014. Dalilan gaskiya ne. Sai dai ya kamata mu tuna a masallacin Annabi (SAW) a Madina akwai Ahlus Suffa, talakawan sahabbai marasa gida da ke kwana a wurin, kuma Abu Huraira yana cikinsu. Gwamnatocin Kano kuwa sun sha hana bara, an kwashe mutane, sun dawo, don dokar ba ta zo da ɗaki ba.

Abota da irin wannan mutumin ba ta buƙatar ƙungiya. Sallama ce, da tambayar sunansa da garinsu, da riƙe sunan har gobe. Daga nan za ka san abin da yake so, wanda galibi ba shi ka zata ba: a yi masa cajin waya, a ajiye masa jaka a shago, gidan sauro, sabulu, ko ka raka shi asibiti don a saurare shi. Kada ka ɗauke shi hoto yana karɓa. Kada ka yi alkawarin aikin da ba ka da shi, don ya ji irinsa ya gaji. Wani zai yi maka ƙarya, wani ya sayar da bargon da ka ba shi. Yunwar ranar ta fi sanyin daren kusa. Wanda kuma ka ga yana magana shi kaɗai, ba ya gane mutane, hira ba za ta warkar da shi ba. Wannan sai a nemi mai unguwa, a bi sawun danginsa, a kai shi asibitin masu taɓin hankali, irin na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato.