Kari, Amsa-amo da Maimaici a Rubutacciyar Waƙar Hausa

Abubuwa uku ke riƙe rubutacciyar waƙar Hausa: kari, amsa-amo da maimaici.

Kari shi ne ma'aunin sautin ɗango. Ilimin awonsa, wato aruli, Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8, inda ya fitar da karuruwa 15 daga waƙoƙin Larabawa, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Har yau shi ɗaliban Larabci ke karanta, daga Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka har zuwa zaurukan malaman Kano da Sakkwato. Abin da ya sa aruli ya zauna daram a Hausa shi ne gaɓoɓinta, kamar na Larabci, iri biyu ne: sassauƙa irin farkon "gida", da nannauya irin farkon "malam" ko "tsuntsu". Gaɓoɓi ke haɗa ƙafa, ƙafafu su haɗa ɗango, ɗangogi su tada baiti. Mutaƙarab, Kamil, Wafir da Ramal na cikin karuruwan da mawallafa suka fi hawa. Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya a kan Ramal take tafiya.

Amsa-amo kuwa dacewar sautin ƙarshen ɗango ne. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗango huɗun farko kan ƙare da sauti ɗaya da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo. Na biyar ke ɗauke da babba, wanda ba ya motsi har waƙa ta ƙare. A 1980 Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa wasu mawallafa har karin sautin ƙarshen ɗango suke daidaitawa, abin da Larabci ba shi da shi.

Maimaici yakan zo a matsayin amshi, ko kalmar da ke dawowa a wuri ɗaya. Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta sami sunanta ne daga kalmomin da ke rufe baitocinta.

Dukkansu hidimar hadda suke yi. Malaman jihadi don wa'azi suka yi waƙa, kuma yawancin masu sauraro da ka suke riƙe ta. Kari ke tona asirin kalmar da ta zame, amsa-amo ya nuna inda ɗango ya tsaya, maimaici ya dasa saƙo a zuciya.