Tsamin Nono Ba Ya Kashe Cuta

Maganar nan ta ishe ni ji a bakin mashaya fura: wai da zarar nono ya yi tsami, duk cutar da ke cikinsa ta mutu. Wasu har da ƙari, wai tafasa madara ɓata ta ne, ɗanyar ce mai ƙarfi, kuma haka kakanni suka sha suka yi tsawon rai. To, waɗanda zazzaɓi da tari suka kwashe a wancan zamani, wa ya ƙirga su?

Gaskiya ne tsami yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ragewa daban, kashewa daban. Ƙwayar tarin fuka ta shanu tana iya yin kwanaki da ranta cikin nono mai tsami. In ta shiga jikin yaro, ba lallai ya yi tari ba. Sai dai a ga kaluluwa ta kumbura masa a wuya ko ciki ya dame shi, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ga kuma bakkale, cutar da makiyaya suka sani sarai, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Ta nono take shiga mutum: zazzaɓi ya zo ya tafi, gumi ya jiƙa shimfiɗa cikin dare, gaɓoɓi su yi ta ciwo. Sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, gobe a ce taifot, a yi wata da watanni ana shan maganin da bai shafi ciwon ba. Kuma saniyar na iya zama ƙosassa, tana sheƙi, ba wanda zai zarge ta.

Wuta ce maganin abin. Kamfanoni suna dumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida kuwa, ta tafaso ya wadatar. Abin da ake asara na sinadaran gina jiki kaɗan ne ƙwarai. Abin mamaki ma, matan Fulani da yawa sai sun dafa madara kafin su kafa kindirmo, ga shi kuwa shi ya fi tsada a kasuwa. Ina ɓatawar take?

Wani zai ce ai akwai hukuma. Akwai. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba masana'anta kafin ta ba da lambar da ake bugawa a jikin gwangwani ko roba. A cibiyoyin tattara madara ana gwada wadda makiyaya suka kawo, a mayar da wadda aka tsarma wa ruwa. Amma yawancin nonon da muke sha daga ruga yake zuwa kai tsaye cikin ƙwarya, bai bi ta gaban kowa ba. Duba-garin da a da ke leƙa randar gida ba kasafai ake ganinsa a layin masu nono ba. Duba wannan nono nauyi ne a wuyan ƙananan hukumomi, kuma sakacinsu ya yi yawa.

Kafin su farka, mai tatsa ta wanke hannu da hantsar saniya, ta wanke ƙwarya da tafasasshen ruwa ta kife ta a rana, ba a ɗauraye ta a kududdufin da shanu ke sha ba. Saniyar da ta yi ɓari a ware ta, a kira likitan dabbobi. Wadda aka yi wa allura kada a sayar da nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, don tafasawa ba ta fitar da magani. Mai saye kuma ya tambaya ko an dafa, ya dubi faifan da aka rufe ƙwaryar da shi, da ludayin da ke yawo daga bakin wannan zuwa na wancan, da ƙanƙarar da ake jefawa a fura ba a san ruwanta ba. Mai ciki da ƙananan yara su guji ɗanye kwata-kwata. Yogot ɗin da aka ɗura a tsohuwar robar ruwa, babu lamba babu ranar lalacewa, a bar wa mai shi kayansa.