Shirin Musamman: Ja, Ɗorawa da Kore, da Bayanin da Ke Rakiyarsu

  Shirinmu na yau a kan kayan awo ne masu aiki da launi, da yadda ake gane ko bayanin da ya zo da su ya isa, ko ɗan Adam ne zai karanta ko manhaja.

(Kiɗa)

Iyaye mata da yawa sun san ɗan siririn tef ɗin nan da ake naɗa wa yaro a damtse a gidan likita. Launi uku gare shi. Ja na nuna damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowa mai tsanani. Ruwan ɗorawa daga 11.5 ne zuwa ƙasa da 12.5. Kore kuma daga 12.5 zuwa sama.

Sai dai launi shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Dole a san wa ake aunawa: yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Dole a san inda ake naɗawa: tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Idan aka matse, yaro mai ɗorawa sai ya faɗa ja. Idan aka sassauta, mai ja sai ya tsere zuwa ɗorawa, a koma gida da shi. Akwai kuma abin da tef ɗin ba ya gani sam, wato kumburi. Shi ya sa ake danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa har daƙiƙa uku, a duba ko wurin ya loɓa.

A shekarar 2009, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga iyakar ja daga santimita 11 zuwa 11.5. Ke nan tsohon tef da sabo za su iya ba yaro guda hukunci biyu. Bayanin da bai faɗi ma'aunin da aka bi ba, ya bar baya da ƙura.

Da aka sauƙaƙa bayanin kuwa, an ga amfaninsa. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna 'ya'yansu da kansu. Binciken ya nuna awonsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, kuma sun fi saurin kai yara likita kafin ciwo ya yi nisa.

(Kiɗa)

To, me ya haɗa wannan da ƙirƙirarriyar basira? A yau akwai manhajojin da ake ba aiki su je su yi da kansu, su zaɓi kayan aiki a intanet, su dawo da amsa. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP don haɗa su da irin waɗannan kaya. Cikin kayan har da masu gwada launi da launi, don masu fenti, masu ɗab'i da masu zane. Manhajar tamkar ɗan aike ce da aka miƙa wa takarda a garin da bai san kowa ba: abin da aka rubuta game da kayan shi ne iyakar saninta.

Saboda haka masu tantance irin wannan bayani suke yin tambayoyi. Da wane salon lambobi za a shigar da launin? Wane lissafi aka bi? Hukumar kula da ma'aunin haske ta duniya, CIE, tana da lissafin 1976, tana kuma da na baya mai suna CIEDE2000, kuma launuka biyu sukan ba da tazara daban a kowannensu. A wane haske aka ɗauka an duba, na rana ko na fitila? Daga wace lamba ake cewa launuka sun dace? In an shigar da abu ba daidai ba, wane saƙo zai fito? Sannan me kayan ba za su iya yi ba?

Gwaji mafi inganci shi ne a ba wanda bai taɓa ganin kayan ba, mutum ko manhaja, ya yi aiki da bayanin kaɗai. In ya yi kuskure, a fara tuhumar rubutun kafin mai karatu.

Ku kuma iyayenmu mata, duk wadda aka ba tef, ta nemi a gwada mata a damtsen ɗanta, ita ma ta gwada a gaban malamar asibiti. In ya nuna ja, ko ƙafafu suka kumbura, a kai yaro likita a ranar.