Jiragen Sama Masu Sauka A Ruwa Da Farkon Sufurin Sama A Nijeriya

Alhazan Jihar Sakkwato da ke tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III sun saba ganin jirgi ya yi gudu a kan kwalta kafin ya ɗaga. Amma akwai lokacin da manyan jiragen da ke haɗa Nijeriya da Turai ba su da taya ko ɗaya. Cikinsu kamar na kwalekwale yake, a ruwa suke sauka, a ruwa suke tashi.

Dalili kuwa shi ne, a shekarun 1930 filayen da za su ɗauki babban jirgi ba su da yawa, gina su kuma sai an kashe kuɗi mai yawa, alhali kogi mai faɗi ko bakin teku ba ya bukatar gini. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Yunin 1940, hanyar Ingila zuwa Masar ta kan tekun Bahar Rum ta toshe. Sai kamfanin BOAC na Birtaniya ya karkato ta Afirka ta Yamma, ruwan da ya kewaye tsibirin Legas ya zama masaukin jiragensa. Jirgin kan biyo ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yanzu, ya sauka a ruwan Legas, a kwaso fasinjoji da ƙaramin jirgin ruwa zuwa gaɓa. Daga 1941 aka ƙaro manyan jirage samfurin Boeing 314, masu tasowa daga Foynes ta ƙasar Ailan. Tafiyar kwanaki ce, da yada zango a hanya, kuma akasarin fasinjojin jami'an gwamnati ne da hafsoshin soja. Talaka sai dai ya hango daga nesa.

Arewa ba ta da irin wannan ruwa, don haka tun farko jiragen sauka a tudu ta sani. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka iso Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, daga baya ya miƙa har Legas. Lokacin yaƙi, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi kan ratsa Kano da Maiduguri a hanyarsu ta zuwa Alƙahira, abin da ya sa aka inganta filayen.

Waɗannan filaye da yaƙi ya bari su ne suka kashe kasuwar jiragen ruwan, domin jirgi mai taya ya fi sauri, ya fi araha. BOAC ya daina amfani da su a 1950. A lokacin Kano ta riga ta zama zangon jiragen Turai masu ƙetare Sahara, kuma ta nan ne alhazan Arewa, har da na Sakkwato, suka fara tafiya Jidda ta sama, maimakon watanni ko shekaru a hanyar Sudan.