Ƙarin Iska Ba Ƙarin Mai: Abin Da Ke Kashe Injinan Tobo A Kaduna

Shekaru ashirin da suka wuce, idan aka ambaci tobo a garejin Kaduna, manyan motoci masu shan dizal ake nufi. Yau abin ya sauya. Kamfanonin ƙera motoci sun rage girman injin, suka ɗora masa tobo domin ya ba da ƙarfin babba da man ƙarami, kuma irin waɗannan motoci, kamar Honda Accord ta 2018 da Mercedes C300 da Peugeot 3008, sun fara zama gama-gari daga Kawo zuwa Unguwar Rimi. Tare da su aka sami sabon yayi a tsakanin matasa masu hali: a sauya salansa, a taɓa kwamfutar motar domin tobo ya ƙara tura iska, sannan a fita titin Ali Akilu ko Isa Kaita da daddare a gwada. Ba da jimawa ba sai a ji injin ya buga, a ɗora wa motar laifi.

Motar ba ta da laifi. Aikin tobo shi ne ya yi amfani da hayaƙin da injin ke fitarwa wajen juya wata 'yar farfela, wadda kan zagaya fiye da sau 100,000 a minti guda, ta cusa ƙarin iska cikin injin. To amma iska kaɗai ba ta ci da wuta. A tafiyar yau da kullum, injin fetur yana buƙatar nauyin iska 14.7 ga kowane nauyin mai guda. Idan aka take totur kuma tobo ya buɗe, sai an ƙara mai har lissafin ya sauko wajen 12 ko ƙasa da haka, domin rarar man ita ce ke sanyaya ɗakin ƙuna. Wanda ya ƙara iska bai ƙara mai ba ya rura wutar maƙera ne a kan fistin. Zafi zai yi yawa, man zai riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan fistin kan tsage ko ya narke. Abin takaicin shi ne, gab da wannan lokaci motar kan yi gudun da ba ta taɓa yi ba, mai ita yana murna.

Saboda haka, gyaran da ya dace daga tanki yake farawa. Famfon mai na asali an ƙera shi ne daidai da ƙarfin da kamfani ya tsara, da 'yar rara kaɗan. Sai a duba ko zai iya riƙe matsin mai a lokacin da injin ke tsananin buƙata, a duba wayar da ke ba shi wuta, domin babban famfo a kan siririyar waya ɓarnar kuɗi ce. Daga nan sai nozul: masana kan so kada ta wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokacinta a buɗe, in ta wuce haka an kai ta maƙura. Sanya babbar nozul kuwa ba tare da an sanar da kwamfutar motar ba, shi ma ɓarna ce, don mai zai yi yawa ya wanke bangon silinda ya gurɓata baƙin mai. Sababbin injinan ma sun fi haka wuyar sha'ani, domin kai-tsaye suke fesa mai cikin silinda da matsin da ya ninka na tsofaffin nozul sau da dama. Nan kam kunne da sukudireba ba su da ta cewa, sai na'urar da ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi.

Yanayinmu kuma yana ƙara tsananta lamarin. Lissafin da ake saukewa daga intanet a loda wa mota galibi an tsara shi ne don ƙasashe masu sanyi da man da aka tabbatar da ingancinsa, ba don zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu ba. Ba mu manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a farkon shekarar 2022 ba. Sannan tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da yawa sun koma zuba na 'yan dubbai suna yawo da tanki kusan wayam, alhali man da famfo ke nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi.

Wani zai ce wannan matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce, su suka jiyo. Da haka ne da ban ɓata tawada ba. Tsadar fetur ta sa direbobin haya da ma'aikata suna mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, wanda shi ma sauya hanyar isar da makamashi ne zuwa injin, da tukunya mai matsin da ya fi na tayar mota kusan sau tamanin. Hannun da ke yi wa tobo aikin ka-ci-ci-ka-ci shi ne gobe zai ɗaura wa motar haya tukunya.

Ban ga laifin kanikawanmu ba. Garin da masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri tun 1975 ya yaye ƙwararru waɗanda ke daidaita kafiretar 504 da jin sauti kawai, kuma mai shakkar basirarsu ya leƙa Panteka. Abin da suka rasa shi ne kayan awo da wanda zai koya musu karanta su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana maƙwabtaka da Panteka, tana kuma da sashen injiniyan inji. Gajeren kwas na yamma da harshen Hausa kan awon matsin mai da hayaƙi bai fi ƙarfinta ba, idan ƙungiyoyin kanikawa suka nema. Kafin a kai ga haka, mai mota yana da damar yi wa duk wanda zai taɓa masa tobo tambaya guda: da wace na'ura zai auna man da ke shiga injin bayan ya gama?